Neman kalmar Hausa: duwatsun da dabbobi ke haɗiyewa

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara darasin kimiyya da za a karanta a rediyo ranar Litinin, kuma na tsaya a kan kalmar gastrolith, wato duwatsun da wasu dabbobi ke haɗiyewa su zauna a cikinsu, waɗanda masu tonon kufai da burbushin halittu ke tarar da su tare da ƙasusuwa. Asalinta kalmomin Girka biyu ne, ciki da dutse. Shin in ce dutsen ciki?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya ji dutsen ciki zai zaci cuta ce irin tsakuwar ƙoda. Duk wanda ya taɓa tsaga ƙundun kaza ya ga tsakuwa a ciki, don haka tsakuwar ƙundu ta wadatar.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Malam, ƙundu na tsuntsu ne. Ya dace da jimina da tsuntsun mowa na Niyu Zilan da ya ƙare, amma kada da zakin teku ma suna haɗiyar duwatsu, kuma an samu irinsu a kwarangwal ɗin manyan halittun ruwa masu dogon wuya na zamanin dainoso, wato manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru da suka wuce.

Tsohon Ɗan Jarida: Ni na daɗe ina cewa maniƙin ciki, domin aikin dutsen niƙa yake yi wa dabbar da ba ta tauna. Kalma ce mai daɗin faɗa, kuma ta Hausa ce tsantsa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a rubuta gastirolit, kamar harshenmu ya gaza.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Baba, da girmamawa, maniƙi ya yanke hukunci a kan abin da masana ke jayayya a kai. A 2007 masana burbushin halittu Oliver Wings da Martin Sander sun wallafa binciken da suka yi da jiminu a Jamus, inda suka nuna cewa duwatsun ƙundun tsuntsaye masu cin tsiro kan kai kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin jikinsu, alhali waɗanda aka samu tare da manyan dainoso masu dogon wuya ba su kai kashi 0.1 ba, don haka da wuya a ce niƙa suke yi. Sun kuma ga cewa ƙundun jimina cinye dutse yake yi ya bar shi a dushe, ba ya sa shi sheƙi.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku yaran jami'a sai Bature ya faɗa kuke yarda. Kakanninmu sun san jimina kafin a san Jamus.

Malamin Hausa: Alhaji, ba maganar wanda ya riga wani ake yi ba. Mun ari kimiyya daga Larabci, mun ari injin daga Turanci, Hausa ba ta ragu ba.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Shawarata ita ce haɗiyayyen dutse, jam'i haɗiyayyun duwatsu, domin haɗiya ce kaɗai ta haɗa dukan dabbobin nan. Sai dai a kula, sulɓi ba hujja ba ne, tun da ruwan kogi da iska ma suna goge dutse. Ana amincewa da shi ne idan an tarar da duwatsun a tare tsakanin haƙarƙarin kwarangwal, kuma irinsu ya saɓa da ƙasar da ta binne shi. Wanda aka tsinta shi kaɗai, nesa da ƙashi, a kira shi baƙon dutse.

Tsohon Ɗan Jarida: Haɗiyayye yana da nauyi a baki, mai karanta labarai zai yi tuntuɓe. Na haƙura, amma a shirina maniƙin ciki zan ci gaba da faɗa idan ana maganar tsuntsu.

Mai Fassara: Na gode, malamai. Zan sa haɗiyayyen dutse a darasin, in ambaci tsakuwar ƙundu a sashen jimina. Baƙon dutse kuwa sai na ji ra'ayin editanmu.