Burus Li ko Jaki Can? Musayar waƙa kan jaruman finafinan Caina

Kawu Na Fagge:
Assalamu alaikum. Jiya jikana ya dubi tsabar idona ya ce wai Jaki Can ya fi Burus Li, har tuwon dare ya kusa gagarata. Na kawo ƙara gabanku. Sharaɗi ɗaya ne: mai amsawa ya amsa da waƙa, kuma kowane baiti ya sauka a kan "ya".

Da sunan Allah zan fara,
Na ɗau alƙalami na gyara,
Ku matso kusa manya da yara,
Yau za a faɗi gaskiya.

Mun sha layi a sinimar Filaza,
Sanyi da ƙura ba mu gaza,
Kuɗin tikiti mun sai da kaza,
Don ganin Burus Li shi ɗaya.

In ya tuɓe riga ya shafi hanci,
Bos ya san yau babu sassauci,
Sanduna biyu a sarƙa na hukunci,
Ga ihu irin na kuliya.

A San Faransisko aka haife shi,
Hong Kong ce ta raine shi,
Ip Man ne ya horar da shi,
A salon Wing Chun har ya iya.

Ya ce salo guda bai isa ba,
Damben Turawa bai raina ba,
Jeet Kune Do, ko ba ku ji ba?
Shi ne ya share mata hanya.

Cak Noris ya zo da ƙarfi,
A kangon Rum faɗa ya yi zurfi,
Ƙafar Burus ta fi wuƙa kaifi,
Ya kwantar da shi a Italiya.

Shekara 32 ya samu,
Kaɗan ya yi amma ya kama mu,
Har yau hotonsa na ɗakinmu,
Tun 1973 ya bar duniya.

Ɗan Damagaram:
Kawu, na durƙusa kafin in buɗe baki. Amma jikan nan naka bai yi ƙarya ba.

Kawu na gaishe ka da ladabi,
Burus gwani ne ba shi da aibi,
Sai dai ka saurari jawabi,
Kan mai faɗa yana ba da dariya.

Burus in ya shigo ka san ƙarshe,
Ko su nawa ne sai ya rushe,
Jaki kuwa baki zai fashe,
Ya yarfe hannu, ya sha wuya.

Tsani makami, benci makami,
Laima da guga har takalmi,
A nan ake gane jarumi,
Zai kare kansa da tsintsiya.

Tun yana yaro aka kai shi,
Gidan Yu Jim-yuen aka bar shi,
Shekara 10 ana horar da shi,
Da tsalle da juyi da tsumagiya.

Ka tuna salon nan na ɗan maye?
Yana tangaɗi, ba ya tsaye,
Bos ya kai naushi, shi ya zagaye,
Kamar da gaske ya sha giya.

Daga hasumiyar agogo ya faɗo,
Rumfar yadi ce kawai gado,
Da ka ya sauka, ba don ado,
Ya sake hawa da ciwon wuya.

A 1986 ana tsakar aiki,
Reshe ya karye da nauyin jiki,
Ƙoƙon kai ya tsage, sai ɗinki,
Can a ƙasar Yugoslabiya.

Kawu Na Fagge:
Ɗana, bakinka da zaƙi, amma ka tsallake wani shafi. Koma ka kalli Enter the Dragon na 1973 da idon basira.

Wanda kake wa kirari haka,
Yaron bos ne a da, ɗan shan duka,
A kogon tsibiri Burus ya damƙa,
Ya ja gashinsa ya karya wuya.

Mai ban dariya ɗan kama ne,
Fagen dambe kuwa na maza ne,
Mai gudu yana haura katanga ne
Za ka jera da zaki? Ji kunya!

Malam Na Ƙofar Mata:
Kawu da ƙanena, ku ɗan ba ni wuri. Kuna ta ja-in-ja kan mutum biyu, kun bar wanda ya ci gasa a gaban alƙalai tun kafin ya san fim.

Jet Li bai fara da kyamara ba,
Gasar wushu ba wasa ce ba,
Sau 5 kambi bai kuɓuce masa ba,
Zakaran Sin ne baki ɗaya.

A 1974 yana ɗan yaro,
Fadar Amurka ya je ba tsoro,
Gaban Shugaba Nikson ya nuna horo,
Da shekara 11 a duniya.

A 1982 ya aske kai,
Ya fito a ɗan Shawolin, ku tuna dai,
Sunan gidan ya farfaɗo sarai,
Masu koyo suka cika farfajiya.

Hannu a baya, fuska a sake,
Doguwar riga, laima a riƙe,
Ya fito a Wong Fei-hung a tsanake,
Natsuwa ce, ba hayaniya.

Anti 'Yar Zazzau:
Maza ke nan! Baiti 20 cif na ƙirga, ko ɗaya bai tuna da mace ba.

Kun jera maza kamar a kasuwa,
Mishel Yo ta faɗa mantuwa,
Ba da kunfu ta fara ba, da rawa,
'Yar garin Ipoh ta Malesiya.

Jirgin ƙasa yana ta gudu,
Ta hau babur ta bi shi su haɗu,
Ta dira kan rufi, kowa ya kaɗu,
Jakinku na fim ɗin, ku tambaya.

Oskar Jaki ta girmamawa ce,
Ta 2016, ladan daɗewa ce,
Tata ta 2023 ta gasa ce,
Babbar jaruma ta farko daga Asiya.

Auta:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni baiti ɗaya gare ni, kan fim ɗin 2008.

Ban san Filaza ba, a waya na gani,
Doni Yen a Ip Man, kai, gwani,
Naushi kamar ƙanƙara, ba bayani,
'Yan kareti 10 suka ji kunya.

Kawu Na Fagge:
Auta, Allah ya yi maka albarka. Malamin Burus ke nan ka yaba, ka shigo layina ba ka sani ba.

Sarkin Raha Na Jos:
Anti, kin gama da su, ba ni da ja. Ni dai idan fim bai sa na riƙe ciki ba, an ci kuɗina a banza. Kawu, kalmar ɗan kama ɗin nan ta tsaya mini a rai.

Ku ba ni Samo Hung mai tumbi,
In ya yi tsalle ka kasa bi,
A gidan Yu shi ke da babban gurbi,
Jaki ma na ce masa Yaya.

Sai Sitifin Cau sarkin shirme,
Ƙwallo da kunfu ya haɗa ya dame,
Gola ya tsaya jiki ya ƙame,
Tamaula ta wuce da wuta a baya.

A wani fim nasa, ga matar mai gida da sigari,
Ihunta kaɗai ya girgiza gari,
'Yan gatari sun daina kirari,
Kowa ya tuna da kuɗin haya.

Kawu, Cau ɗan kama irin da ka raina,
Burus ɗin naka yake ƙauna,
Ko golansa a fim ya nuna,
Kaya rawaya irin nasa ya sanya.

Ɗan Damagaram:
Kawu, tunda ka tono kogon tsibiri, bari in ƙarasa maka labarin yadda Jaki da kansa yake ba da shi.

A wannan fim ɗin dai, ana ɗauka,
Sandar Burus ta kuskure ta sauka,
A kan Jaki, da gaske ya sha duka,
Darakta ya ce a tsaya.

Burus ya yar da sanda ya nufe shi,
Ya durƙusa ƙasa ya rungume shi,
Haƙuri yake ta ba shi,
Jaki ya lumshe idaniya.

Zafin ya lafa tun tuni,
Amma ya ƙara nishi da rauni,
Don ya daɗe a hannun gwani,
Ɗan kama ne ko a gadon jinya.

Kawu Na Fagge:
Kai, wannan yaro, ka sa ni dariya har tari ya kama ni.

Ja'iri! Ashe tun can yake da wayo,
Ya mai da Burus mai goyo,
Da ni ne ma suma zan yo,
In kwana a nan har safiya.

Amma hoton ɗakina ba zai sauka ba,
Jikana bai ci wannan shari'a ba,
Na Jaki dai ban hana shi ba,
Ya liƙa shi can wajen rijiya.