Muhawara: Shin 'yan sa-kai za su iya riƙe daji, kuma ƙofarsa a buɗe ga kowa?

Malam Isyaku: Salamu alaikum. Ana cewa duk dajin da aka damƙa wa 'yan sa-kai, wato masu kula da shi don raɗin kansu ba tare da albashi ba, aka kuma buɗe wa jama'a ƙofarsa, ƙarshensa lalacewa. Ni dai na yarda da haka. Ɗan sa-kai ba shi da ikon kama mai saran itace, ba shi da albashin da za a yanke masa in ya yi sakaci, ranar da ya gaji kuma sai ya kama gabansa. Ga ƙafar mutane tana danne ƙasa har ruwa ya daina shiga, saiwa ta shaƙe.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka dubi turbar ƙafa ta tsaunukan Afalashiya a Amurka. Tsawonta ya haura kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, an kammala ta a 1937. A 1984 hukumar gandun daji ta ƙasar ta miƙa kula da filayenta ga ƙungiyar 'yan sa-kai, kuma ƙananan ƙungiyoyi kimanin 30 ne suka raba turbar, kowacce da yankinta. Sirrin ke nan: kowa ya san daga ina zuwa ina ne nasa. In kwalbati ya toshe, an san wa za a tambaya.

Injiniya Bala: Allah ya gafarta Malam, ba ƙafa ce ke kashe turba ba, ruwa ne. In an fitar da hanya ta miƙe daga saman tudu zuwa ƙasa, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita kwazazzabo. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce hawan turbar kada ya wuce rabin gangaren tudun: tudu mai gangaren kashi 20 cikin 100, turbarsa ta tsaya a kashi 10. Sannan a karkata saman turbar kaɗan, wajen kashi 5, zuwa ɓangaren gangare, domin ruwa ya tsallaka ta maimakon ya bi ta.

Inda ake faɗuwa shi ne gyara. Bayan shekara ɗaya ko biyu ƙasa kan taru a bakin turbar ta waje, ta zama ɗan kunya kamar ta gona, ta tare ruwa. Wuri ya yi taɓo, mai tafiya ya kauce, na bayansa ma ya kauce, turbar rabin mita ta koma mita uku. Mutum biyu da fatanya da shebur za su kwashe wannan kunyar kafin ruwan farko. Aiki ne da ba ya son digiri, yana son wanda zai dawo duk shekara.

Malam Isyaku: "Wanda zai dawo duk shekara", ai nan gizo ke saƙar. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi mutum ɗaya ne ke ɗauke da su a ka. Takardun fili a gidansa, makullin ma'ajiya a aljihunsa, shi kaɗai ya san jami'an hukuma. Ya rasu ko ya yi ƙaura, shi ke nan.

Malama Hadiza: Wannan gaskiya ne, Malam, kuma yana da magani tun ranar farko. A yi yarjejeniya a rubuce da mai filin, a fayyace abin da 'yan sa-kai za su yanke da kansu (ranar aiki, inda turba za ta bi, dashe) da abin da ya rage na hukuma (kamu, tara, izinin sare babbar bishiya). Shugaba ya yi wa'adin shekara biyu ko uku, mataimakinsa yana koyo a gefensa. Kuɗi kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Kada a ba kowa injin yankan itace sai an horar da shi, kuma a yi inshora, domin rauni ɗaya na iya rushe ƙungiya. Elinor Ostrom, masaniyar da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa dukiyar gamayya ta fi daɗewa inda masu amfani da ita ke sa ido da kansu, hukunci kuma yana hawa mataki-mataki: gargaɗi tukuna, sannan tara.

Hajiya Rabi: Game da ƙofa kuwa, wanda bai taɓa shiga daji ba ba zai tsaya masa ba. Dajin Karura na Nairobi, Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, da jama'a ne suka hana a yanka shi filaye a 1998 da 1999. Daga 2009 ƙungiyar al'umma ta shiga kula da shi tare da hukumar gandun daji ta Kenya, ya zama wurin da iyalai ke yawo hankali kwance.

Malam Isyaku: Hajiya, kin kawo mini shaida. Karura an kewaye shi da waya mai lantarki, akwai masu gadi da ake biya, kuma ana karɓar kuɗin shiga. Ina "buɗe ga kowa" a nan? Wanda ba shi da kuɗin ƙofa fa?

Injiniya Bala: Buɗewa ba ta nufin babu ƙa'ida. A Ingila, bayan kutsen da masu yawo suka yi a tudun Kinder Scout a 1932 har aka ɗaure wasunsu, sai a 2000 doka ta ba da 'yancin taka tsaunuka da filayen gamayya kyauta. Duk da haka mai fili na iya rufewa har kwana 28 a shekara, kuma daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a igiya saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Malama Hadiza: Tambayar Malam Isyaku kan kuɗin ƙofa tana nan ba a amsa ba. Waya da masu gadi kuɗi suke ci duk wata. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a ɗora kuɗin kan ajiye mota da bukukuwa da ɗaukar fim, mai shigowa da ƙafa da 'yan makaranta su wuce kyauta. Sai dai a dajin da ba motoci ke zuwa ba, Injiniya, daga ina albashin mai gadin dare zai fito?