Dusar ƙanƙara ta danne reshen bishiya kusa da wayar wuta, ya zan yi?

Sabon Zuwa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara da gaggawa. Jiya da daddare dusar ƙanƙara ta zuba sosai, irin mai laimar nan da ke mannewa jikin komai, da safe na leƙa ta taga sai na ga bishiyar gefen gidanmu ta sunkuyo, babban reshenta saura kaɗan ya kwanta kan wayar da ta taho daga falwaya zuwa gida, kuma jefi-jefi ina jin ƙas ƙas kamar itacen zai tsage. Wannan ne hunturuna na farko a inda ake dusar ƙanƙara. Ina da doguwar sandar goge taga, in je in kakkaɓe ta ne? Ga yara sun matsa sai sun fita wasa.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don girman Allah ajiye sandar nan. Reshen da nauyi ya danne kamar baka yake da aka ɗana, kana kakkaɓe ƙanƙarar zai zabura ya yi sama ya doki wayar, kai kuma sanda na hannunka. Ɗanyen itace da ya jiƙe wuta na bi ta cikinsa sarai, balle in sandar ta alminiyom ce. Kuma kar baƙar robar da ke jikin wasu wayoyin ta ruɗe ka, rana da sanyi suna cinye ta, ba abin da za ka dogara da shi ba ne. Masu aikin sare bishiya ma in ba an horar da su kan layin wuta ba, ba sa matsawa ƙasa da mita 3 daga waya.

Kira kamfanin wutarku yanzu, lambarsu na jikin takardar bil, ka faɗa musu reshe na dab da waya kuma yana ƙara. Suna da motar ƙugiya mai kwando da ma'aikatan da suka san aikin. Yara kam su haƙura yau, ko ƙarƙashin bishiyar kar kowa ya bi.

Tsohon Ma'aikacin Wuta:
Maganar Baban Yara haka take. Abin da zan ƙara shi ne idan har reshen ya karye ya tsinko wayar ta faɗo ƙasa, ka ɗauka da wuta a jikinta ko da ba ta tartsatsi, ko da unguwa duk an ɗauke wuta. Akwai na'ura a kan layi da take maido da wuta da kanta bayan ta katse, sannan wani maƙwabci zai iya tada janareta ya jona ba daidai ba wutar ta komo cikin layi, wallahi wannan na biyun shi ya fi ba mu tsoro lokacin da muke aiki. Ka ba ta tazarar mita 10 aƙalla, ka kira lambar agajin gaggawa. Wutar tana bazuwa cikin ƙasa kewaye da inda wayar ta faɗi, shi ya sa in ka tsinci kanka kusa kar ka yi dogon taku ko gudu, haɗe ƙafafunka ka riƙa jan su a hankali har ka yi nisa. In kuma kan mota ta faɗo kana ciki, zauna abinka kar ka fito sai in motar ta kama da wuta, a nan ne za ka yi tsalle ka dira da ƙafa biyu a haɗe ba tare da ka taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba.

Maman Biyu:
Sannu malam, Allah ya tsare. Ƙananan shukokin da suke nesa da waya kam za ka iya sa tsintsiya mai laushi ka ɗaga rassan daga ƙasa zuwa sama a hankali, banda jijjigawa. In ta daskare ta zama kamar gilashi ƙyale ta ta narke da kanta, na taɓa karya rassa uku garin ɓamɓara, har yau gefen nan bai cike ba.

Sabon Zuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira su sun ɗauki adireshi, sun ce akwai masu jira a gabanmu amma kar mu matsa kusa. Na mayar da sandar ɗaki, motar ma na janye ta daga wajen, yanzu ta ƙofar baya muke fita.