Wa ya taɓa yin horon lauyoyi kan sirrin bayanai a Legas?

'Yar Idi-Araba: Salamu alaikum. An rantsar da mu lauyoyi, bautar ƙasa ma saura ƙiris. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe gurbin horo na shekara guda kan kare sirrin bayanai da dokokin intanet. Baba kuwa ya fi son in shiga ofishin wani babban lauya a Ikeja, wai can ake koyon shari'a ta gaske. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah me kuka tarar?

Ɗan Agege: Wa alaikis salam ƙanwata. Ni na yi a 2023, shekarar da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai a watan Yuni. Na tafi da zumuɗin sa baƙar riga in tsaya gaban alƙali. Shekara guda cur, sau biyu na taka Babbar Kotun Tarayya ta Ikoyi, duka biyun ɗage zama aka yi. Sauran duk rubutu ne da karatu.

Amma akwai ranar da ba na mantawa. Wani dattijo mai sayar da tumatir a Mile 12 ya ci bashi a wata manhajar waya, ya makara da biya kwana kaɗan, sai masu manhajar suka tura hotonsa ga duk lambobin da ke wayarsa, har da surukinsa a Funtuwa, wai ɓarawo ne. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce uffan ba. Ni kaɗai ke jin Hausa a ofishin. Sai da na faro daga gaisuwa da tambayar kasuwa kafin ya faɗi cewa yaronsa ne ya danna masa amincewa, bai san ya buɗe musu lambobinsa ba. Muka rubuta ƙorafi ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, da NDPC, hukumar kare bayanai. Saƙonnin sun tsaya, mutuncin ne bai dawo da wuri ba.

Maman Biyu, Obalende: A faɗa mata maganar kuɗi dai. Alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Inda na yi, watanni biyu a jere ba a biya mu ba saboda kuɗin masu tallafi sun makale, ga haya, ga kuɗin danfo kullum. Da wa'adi ya cika aka ba mu takardar yabo, aka ce Allah ya ba da sa'a. Ki tambaye su tun yanzu: akwai ɗauka aiki bayan shekarar, ko babu?

Ɗan Agege: Gaskiya ne Anti, wannan ban musa ba.

Tsohon Barista: 'Yata, mahaifinki bai yi kuskure duka ba. Na ga yara sun fito daga irin wannan horo sun haddace sashe na 37 na tsarin mulki mai kare sirrin ɗan ƙasa, sun san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da gyaran da aka yi masa a 2024, amma a ce su yi wa shaida tambayoyi sai gumi. Sai dai fannin yana da nama. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su SERAP da Paradigm Initiative ne suka kai ƙara kotun ECOWAS, ta ce rufewar ta saɓa doka. An katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Lauyoyinmu nawa suka san ta inda za su kama maganar? Idan za ki je, ki zaɓi inda suke shigar da ƙara da kansu, ba masu taron bita a otal kawai ba.

Maman Biyu, Obalende: Abu guda na tsira da shi: yanzu wani kamfani nake duba wa harkar bayanai, don doka ta ce in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, a sanar da hukuma cikin awa 72. A can na koyi wannan.

'Yar Idi-Araba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranka ya daɗe Barista, na duba, suna da ƙararraki biyu a kotu yanzu haka. Gobe zan kira in ji maganar alawus. Yaya na Agege, ko za ka zo ka yi wa Baba bayanin dattijon nan da bakinka? Ni in na faɗa cewa zai yi tatsuniya ce.