Neman kalmar Hausa: "cloche" da wayoyin da ke riƙe da shi

1/ Jama'a, masu lambu da masu fassara, ga wata kalma da nake so mu yanke mata hukunci: cloche, ana furta ta kamar "kilosh". Ƙaramin rufi ne mai barin haske ya shiga, na gilashi ko leda ko raga, da ake kifawa a kan tsiro ko yabanya don ya tsare ta daga sanyi, iska, ruwa mai duka, tsuntsaye da ƙwari. Mutum ba ya shiga cikinsa, ɗaga shi ake yi da hannu. Amma abin da ya fi damuna shi ne wayar da ke tsayar da shi, domin ita ce ke tsatsa, ita ce ke ɓata, ita ce ake fita nema. Wanda ba shi da sunan abu kuwa, yaya zai yi cigiyarsa?

2/ Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta ƙararrawa. Na farkon an yi su ne da gilashi dunƙule, siffar ƙararrawa sak, kuma a ƙarni na 19 masu lambun kewayen birnin Faris sun yi amfani da su da yawa don su riga kowa kai ganye kasuwa. Da rana su ɗaga gefe ɗaya su tokare da ɗan itace mai tsaga-tsaga don iska ta shiga, da dare su sauke su lulluɓe da tabarmar ciyawa. Wannan nau'in ba ruwansa da waya.

3/ Waya ta shigo ne da aka koma shimfiɗaɗɗen gilashi. A 1912 wani mutumin Ingila, Manjo L. H. Chase, ya fito da dabarar haɗa fallayen gilashi da lanƙwasassun wayoyi, a jera su baki da baki su rufe layin shuka gaba ɗaya. Akwai mai falle 2 da ke jingina da juna, akwai mai falle 4, biyu bango biyu rufi. Babu ƙusa, babu gam. Taurin wayar da yunƙurinta na komawa yadda take shi ne ke matse gilashin. Daga baya leda ta zo, aka koma kafa wayoyi masu rabin da'ira a ja leda a kansu. Har yau duka ana kiransu da sunan ƙararrawar nan, alhali siffar ta daɗe da canzawa.

4/ Shi ya sa ban goyi bayan "ƙararrawar lambu" ba. Ka ce wa manomi ya kifa ƙararrawa a kan dashensa, zai tsaya yana kallonka.

5/ Wani dattijo ya ce mini: "Malam, ai rumfa ce, ka ce rumfar shuka a wuce wurin." Allah ya ƙara girma, Baba, amma ban gamsu ba. Rumfa inuwa take bayarwa, gefenta a buɗe. Wannan abin kuwa rana yake so ta shiga, ya riƙe ɗuminta, ya hana iska wucewa. Idan muka ba shi rumfa, me za mu kira ragar inuwa da ake yi wa gadon reno? Ita ce ta cancanci sunan, a bar mata kayanta.

6/ An kawo "akurki", kuma ya yi kusa, don shi ma kifa shi ake yi a ƙasa. Sai dai kunne na jin akurki zai nemi kaza. An kawo "murfi", shi kuma ya yi faɗi da yawa, ko tukunya tana da shi. "Tanti" ya dace da mai falle 2 kaɗai.

7/ Ni dai na tsaya a kan bukkar shuka. Bukka ƙarama ce, rufaffiya, ta ɗan lokaci, ana tayar da ita a kafa a wani wuri idan buƙata ta wuce. Jam'inta ba wuya: bukkokin shuka. Tana kuma karɓar bayani ba tare da ta yi nauyi a baki ba: bukkar gilashi, bukkar leda, bukkar raga, doguwar bukka ga wadda ta rufe layi. Kuma ta bambanta da babban ɗakin gilashin da mutum ke shiga ya yi aiki a tsaye.

8/ Yanzu ga wayar. "Wayar bukka" kawai ba ta isa ba, musamman a rubuce, inda mai karatu zai fara tunanin wayar hannu. Idan mun yarda da bukka, to Hausa ta riga ta tanadar mana sunan ƙashin da ke ɗauke da rufi kafin a baibaye shi: tsaiko. Don haka duk wayoyin da ke ɗauke da gilashi ko leda, a haɗe, tsaikon waya ne. An ba da shawarar "dirka" da "ginshiƙi", amma su miƙaƙƙu ne, nauyi suke ɗauka daga sama. An ce "haƙarƙari", siffa ta yi, sai dai "zan sayi haƙarƙari 10" ba zai kai ka wurin mai ƙarfe ba.

9/ Ita kuma waya guda mai rabin da'ira, wadda ake soka ƙafafunta biyu a ƙasa, baka ce. Baka ɗaya, bakunkuna da yawa. Wata 'yar'uwa ta ce za a rikita shi da "baka" na magana. Hajiya, da wuya, domin "bakan waya" ba ya zuwa a inda ake zancen baki, kuma mun daɗe muna cewa bakan gizo ba wanda ya ruɗe.

10/ Sunan da ba ya aiki a hannu bai zauna ba tukuna, to bari in gwada su a bayanin yadda ake yin sabo idan tsohon ya lalace. Nemi waya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wadda aka lulluɓe da tutiya don kada ta yi tsatsa. Wayar shinge mai tauri ta fi dacewa. Siririyar wayar ɗauri ta magina ba za ta yi ba, iska ɗaya za ta kwantar da ita. Tsawon baka kuwa lissafi ne mai sauƙi: ninka faɗin fangali da 1.57, ka ƙara santimita 40 na ƙafafu, 20 kowane gefe. Fangali mai faɗin santimita 60 zai ci kusan 135, mai faɗin 90 zai ci kusan 180. Idan ƙasar rairayi ce, ƙara tsawon ƙafa.

11/ Wayar da ta zo a naɗe ta riga ta ɗauki lanƙwasa, aikinka kawai ka daidaita ta a jikin duro ko babban bokiti. Daidai inda baka zai taɓa ƙasa, naɗe wayar sau ɗaya a jikin rodi da filaya, ta fitar da ɗan zobe a kowane gefe. Zoben nan yana aiki biyu. Yana hana baka ci gaba da nutsewa idan ƙasa ta jiƙe, kuma a cikinsa ake ɗaura igiyar da za ta bi ta kan leda zuwa ɗaya gefen. Leda ta shiga tsakanin baka da igiya ke nan, sai ka iya zuge ta sama da rana tsiro ya sha iska, ka sauke da yamma, ba tare da ka kwance komai ba. Bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin bakunkuna, ka matso da su idan wurin mai iska ne. Bakin da ka yanke ba tutiya a kansa, daga nan tsatsa ke farawa, kuma shi ke yaga leda da hannu, don haka goge shi da magagari ka ɗiga masa fenti.

12/ Tsaikon bukkar gilashi ya fi wannan wuya, a nan ne mutane ke karaya su jingine gilashi mai kyau a bango shekara da shekaru. Idan kana da ko da saiti ɗaya da bai lalace ba, kada ka rabu da shi, shi ne ma'auninka. Kwantar da kowace waya a kan katako, bi gefenta da fensir, buga ƙusa a kowace kusurwa, sannan ka lanƙwasa sabuwar a jikin ƙusoshin. Waya mai tauri takan ɗan koma baya idan ka sake ta, saboda haka ka ɗan zarce kusurwar. Gilashin lambu yawanci milimita 3 ne, to fara gwada matsin a kan falle na katako mai wannan kaurin kafin ka sa gilashi, kuma da safar hannu. Ya yi sako-sako, gilashi ya zame. Ya matse da yawa, gilashi ya tsage daga gefe.

13/ Wani zai ce a sa wayar a wuta ta yi laushi. Don Allah kada a yi. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi, wuta kuma tana kashe taurin da ake nema, ta cinye rufin da ke hana tsatsa.

14/ A tsaikon gilashi, wayar saman da ake kamawa a ɗaga bukka mariƙi ce, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Saura fallen da ake toshe ƙarshen layi da shi. Idan aka jera bukkoki aka bar bakin biyu a buɗe, iska za ta riƙa ratsawa ta ciki da ƙarfi, tsiron ya fi shan wuya a kan wanda ke fili, wani lokaci ma ta ɗaga bukkar ta kifar. Fallen nan ana tsayar da shi ne da sanda ko guntun rodi da aka kafa a bayansa, a ɗaure da mariƙin bukkar ƙarshe. Na so in ce masa murfi, amma tunda a tsaye yake a bakin bukka, ana kuma janye shi a mayar, ƙyaure ya fi dacewa da shi.