Maigidana ya ɗauki hoton fayil na sirri a ofis, me za mu yi?

Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, a sashen ajiyar fayil yake. Tun da aka kawo musu sabon darakta ba sa ga maciji. Ya danne masa ƙarin girma, ya cire sunansa daga masu tafiya kwas, ko gaisuwar rasuwar surukata bai zo ba, alhali mu har Zariya muka je bikin 'yarsa da gudummawarmu a hannu. To, wani fayil mai hatimin sirri ya biyo ta teburinsa: an biya kuɗin kwangilar motoci cas, amma ko taya ba a kawo ba. Ya ɗauki hotonsa a waya. Yanzu wani abokinsa ɗan jarida ya matsa masa lamba ya ba shi hotunan. Barci ya ƙaurace min, yaranmu biyar, gidan haya muke.

Mai Fansho: 'Yata, ki ce masa ya goge hotunan nan yau. A aikin gwamnati na tsufa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, hukuncinta yana kai shekara 14, kuma shi kansa ya san ya yi rantsuwar riƙe sirri. Amurka ma da ake yabo fa? Chelsea Manning, sojar da ta fitar da takardun sirrin gwamnati, ɗaurin shekara 35 aka yanke mata, sai a 2017 Obama ya sassauta. Snowden, wanda ya fallasa sirrin hukumar leƙen asirin Amurka, tun 2013 yake Rasha, gida ya gagare shi. Balle mu.

Barista: Baba, a gafarce ni, amma kada ya goge. Hujjarsa ke nan ranar da za a nemi ɗora masa laifi. Sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya ba ma'aikaci kariya idan ya bayyana abin da ya yi imanin almundahana ce. Kuma tun Disamba 2016 Ma'aikatar Kuɗi ke da tsarin masu kwarmato, ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Ya samu lauya, ya kai ICPC ko EFCC, ba jarida ba.

Mai Fansho: Barista, kai takarda ka karanta, ni ofis na zauna. Tsarin 2016 manufa ce kawai, ba dokar majalisa ba. Ntia Thompson, ma'aikaci a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ai ta hanyar da ta dace ya kai ƙarar almundahana, aka sallame shi, sai da aka yi ta surutu aka mayar da shi a 2017. Wanda ya tona dala miliyan 43 da aka ɓoye a wani gida a Ikoyi, Legas, ma sai da ya yi wata da watanni yana bin ladansa. Wa zai yi wa ɗan ajiyar fayil surutu?

Maman Hanif: Hmm, masu ajiyar fayil ɗin ma ai ba kanwar lasa ba ne. Fayil ɗin haƙƙin marigayi maigidana har yau cewa suke ya ɓata, sai na ba da na goro. Allah ya isa.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, ɓoye shaida zunubi ne, dukiyar al'umma ce aka ci. Amma ki tambaye shi tsakaninsa da Allah: don gyara zai yi, ko don haushin darakta?

Mai tambaya: Haba Malam, maigidana ba mai ramuwa ba ne. Maganar darakta na kawo ta ne don ku san irin mutumin. Kuma Barista, kai ƙara hukuma ai kamar kai ƙarar kura ne wurin 'ya'yanta, gobe sunansa na teburin darakta. Abokin nan tare suka taso, ba zai ci amanarsa ba. Shafi biyu kacal ma ya tura masa.

Barista: Yaya, ya riga ya tura?! Ta wace hanya? Ai da wannan ya kamata ki fara.

Mai Fansho: Inna lillahi. Ba maganar cin amana ake ba, 'yata. Reality Winner, 'yar Amurka da ta tura wa 'yan jarida takardar sirri a 2017, ba sunanta suka bayar ba. Kwafin takardar suka nuna wa gwamnati don tantancewa, aka ga alamar an buga ta an ninke, aka duba su wa suka buga, mutum shida, aka iso kanta. Ta sha ɗaurin shekara 5 da wata 3. Fayil ɗin mijinki akwai rajistar da ake sa hannu duk inda ya je. Hannu nawa ya bi?

Maman Hanif: To shi wannan rajistar me ya sa nawa fayil ɗin ba a gan shi a ciki ba?

Mai tambaya: Ta WhatsApp ne, kuma ai an ce ba a iya karanta saƙonta. Maganar hannu nawa ban sani ba, bai dawo daga masallaci ba tukuna. Barista, lauyan nawa zai ci?