Muhawara: Shin tuɓewa a bainar jama'a tana yaƙar zanen tsiraici?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne, macen da ta tuɓe a gaban jama'a domin ta yi tir da yadda masu zane na Turai suka mayar da jikin mace abin sha'awa, ba ta rage komai ba, sai ma ta ƙara wa 'yan kallo abin kallo. A 2016 'yar fasaha Deborah De Robertis ta kwanta tsirara a gaban Olympia, zanen wata mace tsirara na mai zane Manet, a birnin Paris, aka kama ta, kuma a ganina hotonta ya fi hujjarta yaɗuwa.

Hajiya Rabi: Malam, ka ɗauki misali ɗaya ka yi wa kowa kuɗin goro. A 1989 ƙungiyar mata 'yan fasaha ta Guerrilla Girls ta ɗauki hoton matar da mai zane Ingres ya zana tsirara a 1814, ta ɗora mata kan goggon biri, sannan ta rubuta cewa mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen da ke sashen zamani na gidan adana zane na Metropolitan a New York ba, alhali kashi 85 na hotunan tsiraicin na mata ne. Babu wadda ta cire ko ɗankwali.

Malam Sani: Ai kin tabbatar da maganata, Hajiya, domin lissafi ne ya yi musu aiki, ba jiki ba.

Malama Zainab: Ku ba ni dama in sa baki. A birnin Kyoto na Japan a 1964, 'yar fasaha Yoko Ono ta zauna a dandamali sanye da kayanta, almakashi a gabanta, ta bar 'yan kallo su riƙa hawowa ɗaya bayan ɗaya suna yankar tufafinta. Mai kallon zane yana tsaye a ɓoye, babu wanda ya san abin da ke ransa, amma a nan hannunsa da almakashin kowa ke gani. Haka ma 'yar fasaha Marina Abramović a birnin Naples na Italiya a 1974, ta jera kaya 72 a kan tebur, ta tsaya awa shida 'yan kallo suna yi mata abin da suka ga dama da kayan, har da ɗora mata bindiga mai harsashi. Da lokaci ya cika ta motsa ta nufo su, sai suka watse, sun kasa haɗa ido da ita.

Malam Sani: Na yarda da wannan game da waɗanda ke cikin ɗakin, Malama. Amma mu da hotunan kawai suka iso mana bayan shekara hamsin, wa ya ga hannunmu?